Na Durƙusa wa Koci a Tsakiyar Fili

Assalamu alaikum Baba Sammani. Don Allah ka fitar da ni daga duhu, yau kwana biyar kaina a kulle yake.

Ni manomin tumatir ne a wajen Kadawa, ina kuma alƙalancin ƙwallon kwando a wasannin makarantu. Ran Asabar yaran Kura suka kara da na Bunkure. Kocin Kura, Malam Dalhatu, shi ya koyar da ni a firamare, a hannunsa na fara taɓa ƙwallo. Tun ina yaro ban taɓa amsa kiransa a tsaye ba.

Saura minti ɗaya a tashi, wani ɗan wasan Malam ya yi taku uku da ƙwallo a hannu kafin ya jefa ta kwando, alhali taku biyu doka ta yarda. Na busa usur, na soke cin. Sai Malam ya kira sunana da muryar nan tasa ta aji. Wallahi ban san lokacin da gwiwata ta kai ƙasa ba, ga usur a bakina. Fili ya kwashe da dariya. Malam ya ce taku biyu ne, ni kuma daga durƙuson na ce to, na mayar da cin.

Kocin Bunkure, Mudassiru, sa'ana ne, magudanar ruwa ɗaya ke shayar da gonakinmu. Ya tambaye ni ko ni ne alƙalin ko malamina. Borin kunya ya sa na hukunta shi da laifin rashin ɗa'a, alhali ihunsa bai kai rabin na Malam ba. Da maki ɗaya aka ci Bunkure.

Yanzu in mun haɗu da Mudassiru wajen ban ruwa ko gaisuwata ba ya amsawa. Mahaifiyata ta ce tarbiyya na nuna. Ni kuwa har na fara kokwanto, taku uku na gani ko biyu? Ga shi Asabar mai zuwa za su sake haɗuwa, kuma ni aka sake bai wa usur. In ajiye shi ne in huta?

Naka,
Mai Usur daga Kadawa

AMSA

Wa'alaikumussalam ɗana. Daina ƙirga takun nan. Uku ka gani, shi ya sa ka busa tun kafin kowa ya buɗe baki. Kokwanton daga baya ya zo.

Mahaifiyarka ba ta yi kuskure ba, girmama malami ado ne. Amma ladabin naka da haƙƙin yaran Bunkure ka yi shi, su da suka sha rana suna atisaye. Hukuncin Mudassiru kuwa zalunci ne, kai ma ka sani. Ka same shi a gona ka amsa laifinka, ban da kame-kame. In bai sauko nan take ba, kada ka ga laifinsa.

Sannan ka je gidan Malam ran Juma'a. Can ne wurin durƙuso, ka yi shi sosai, ka roƙe shi ya bar ka ka yi aikin da shi ya ɗora ka a kai. Ina kyautata zaton shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

A fili, duk kocin da ya yi magana ka saurare shi, ka ba shi amsa gajera cikin mutunci, ka juya ga wasa. Wanda ya zarce ka gargaɗe shi, in ya ƙara ka hukunta, ko wane ne.

Kada ka ajiye usur. In Malam ya kira sunanka ran Asabar, ka amsa da na'am, amma a tsaye. Allah ya dafa maka, ya sa tumatir ya yi albarka.

Baba Sammani