Gayyar da Aka Fasa a Rafin Kanya

Unguwar Hajji, Karaye
Afrilu, 1988

Zuwa ga taubashina Malam Shitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajo da yara da mutanen Rafin Kanya baki ɗaya. Yaya zafi? Yaya gwiwar nan taka, ko har yanzu keke kake ɗora wa laifi? Mu nan lafiya, sai tsufa.

Za ka yi dariya. Tun da aka sallame ni daga aiki ba wanda ya tuna akwai tsohon obasiya mai duba aikin hanya a garin nan, sai makon jiya ga masinja, wai ana nemana a kwamitin shirin damina. Na sa babbar rigar da ta rage mini na je. Duk yara ne, Shitu. Injiniyan nasu, lokacin da na gama makarantar Midil ko auren uwarsa ba a yi ba. Sun baje taswira suna nuna hanyoyin da ba su taɓa takawa ba. Amma dai sun saurare ni, abin da na daɗe ban gani ba. An ware hanyoyin da za a zuba wa marmara da kwalbatocin da za a yashe kafin ruwa ya sauka, ni kuma ban bar wurin ba sai da aka sa hanyarku, daga Falgore har mashigin rafinku. Alhaji Ɗanmaliki aka ba kwangilar, yana da gireda da tifofi.

Na ji kana shirin sa a buga gangar gayya kafin a ɗauki azumi, kamar yadda ka saba, a cike ramuka a jera duwatsu a mashigi. Bana ka hutar da mutane. Duk abin da kuka zuba da kwanon sarki, gireda za ta kankare shi a wuni ɗaya, wahalar banza ce. Da kunnena na ji, a gabana aka sa hannu. Kai ma ka huta, kada ka kife da diga a gaban jikokinka a ce taubashinka bai gargaɗe ka ba.

Ka gaida Hajo, ka ce ina nan ina jiran daddawata.

Naka,
Mijinyawa Muntaka

Unguwar Hajji
Ƙarshen Mayu

Malam Shitu,

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya karɓi ibada. Ina fatan iyali duk lafiya.

Lukumanu direban akori-kura ya ba ni saƙonka, cewa mutane suna tambayarka ina gireda. Ga abin da na sani. Da hanyar kasuwa ta fara, a can ta tsaya, wani ƙarfe ya karye a cikinta, wai sai an samo daga Legas. Na je na gan ta da idona, awaki na kwance a inuwarta. Tifa ta juye marmara tsibi-tsibi a bakin Falgore ba wanda zai baje, yanzu mata ne ke ɗiba suna daɓen ɗaki. Ban ga laifinsu ba.

Na je gidan Ɗanmaliki, aka bar ni a benci har la'asar, sannan aka ce ya tafi Umra bai dawo ba. Ni da na koya wa mutumin nan bambancin marmara da jan yashi lokacin yana ƙaramin lebura.

Shekaranjiya an yi ruwan shuka a nan, na san ku ma kun samu. Da na ji ƙamshin ƙasa sai na tuna da mashiginku. Na yi shekaru a kan hanyoyin nan, na san daga ranar da aka sa iri a ƙasa ba mai barin gonarsa ya ɗauki shebur sai an yi kaka. Lokacin gayya ɗan kaɗan ne, tsakanin zafi da shuka, kuma bana azumi ya cinye rabinsa. Sauran rabin ni na cinye da takardata. Duk da haka ka gwada ranar wata Juma'a, ko da safiya ɗaya ce, ko mashigin kaɗai a tare.

Naka,
Mijinyawa

Unguwar Hajji
Agusta

Ɗan'uwana Shitu,

Assalamu alaikum. Yaya ruwa, yaya aikin gona? Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya. Na aiko sau biyu ban ji amsa ba, kuma Lukumanu ya ce shi yanzu a Falgore yake juyawa.

Sauda ɗiyar ƙanwata da ke aure a wajenku ta zo jiya, zaninta jiƙe har ƙugu. Ita ta ba ni labari. Ta ce ruwa ya cinye mashigin ya zama kwazazzabo. Ta ce motar takin zamani ta zo ta koma, sai a jaki da kai aka riƙa shigar da buhunan, kafin su isa masara ta yi rawaya. Ta ce ka sa an buga ganga kamar yadda na roƙa, tsofaffi ne kawai suka fito, kuka tsaya a ruwa kuna kallon juna. Samari kuma sun sa maka suna, Shitu Gireda, har ƙananan yara na faɗa idan ka wuce.

Duk wannan bai hana ni cin abinci ba sai da ta faɗi na ƙarshe. Wai a ƙofar masallaci aka tsare ka, aka ce wa ya ce a fasa gayya, ka ce kai ne ka ga dama. Ba ka ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Shekara ashirin da wani abu kana kira ana fitowa, ba albashi ba takardar shaida, hanyarku ba ta taɓa yankewa ba. Ni da satifiket ɗina a jikin bango, na san gireda na karyewa, na san ɗan kwangila, na fi kowa sani. Daɗin an kira ni an ba ni kujera ne ya rufe mini ido, ina so ka ga har yanzu maganata na tafiya.

Ka ba ni izini in zo ranar Juma'a. Zan sauka a Falgore in tako. In tsaya bayan an idar da sallah in faɗa wa jama'a daga ina maganar ta fito.

Naka,
Mijinyawa

Unguwar Hajji
Satumba

Malam Shitu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hajo. Allah ya ba mu kaka mai albarka.

Mijin Sauda ya isar da amsarka, kuma na sa ya maimaita don kada in yi kuskuren ji. Ka ce kada in zo. Ka ce mutane za su iya yafe wa dattijon da ya yi kuskure da kansa, amma idan suka ji takarda ce daga birni ta sa ka ajiye abin da aka gada, ko gaisuwa sai ta yi wuya. Ya kuma ce ka riga ka miƙa wa mataimakinka Hamma kiran gayya, baɗi shi zai sa a buga, kai za ka fito da kwanonka kamar kowa.

Na kwana biyu ina neman abin da zan musa a ciki, ban samu ba. Na so in zo ne don in sauke nauyin da ke kaina, kai kuma za a ƙara maka.

To, ba zan zo ba. Ba kuma zan faɗa wa kowa ba, Sauda ma na ja mata kunne. Idan wasiƙun nan ma suna jawo maka magana a gari, ka aiko mini ta bakin mijinta, zan daina.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Mijinyawa Muntaka