Kun Rufe Markar, Ku Bar Mana Awon

Zuwa ga Shugaban kamfanin ƙera motoci na Amurka wanda ya yi motata,

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa daga Zango, Damagaram. Ni tsohon direba ne. Ina da bashe, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ƙirarku, wadda marigayiya matata Falmata ta raɗa wa suna Ba'amurkiya.

Na farko. Shekarar da rediyo ya ce kun karye, na yi muku addu'a a masallacin unguwa har ana yi mini dariya. Da aka ce gwamnatinku ta tashe ku, na raba goro. Sai daga baya na ji cewa kun tashi ne bayan kun rufe wasu markoki, wato nau'o'in motocinku, har da tawa. Ashe goron mutuwar Ba'amurkiya na raba.

Na biyu. Famfon ruwan injinta ya tsage. Na zaga garejin Zinder kaf, na aika Kano wajen 'yan kayan gyara. Kowa ya juya ƙarfen a hannunsa, sai ya ce an daina.

Na uku. A nan, maƙeri in zai bar sana'a yakan bar awonsa wajen wani, don kada masu kayansa su tagayyara. Ku ba ku bar wa kowa komai ba, ko sallama ba ku yi ba.

Ba don ado nake neman ta tashi ba. Yayata Ya Hajja tana ƙauyen Dakusa, ta makance, kuma ita kaɗai ta rage da ke kirana da sunan yarinta. Kowace Juma'a da ƙarar injin take gane na iso. Gwiwoyina ba sa ɗaukar babur ɗin kabu-kabu, a motar haya kuwa ba na iya naɗe ƙafa. Yanzu da hantsi nakan shiga Ba'amurkiya in zauna, in riƙe sitiyari, kujerar Falmata ba kowa. Kaɗaici ya ishe ni, ranka ya daɗe.

Roƙona ɗaya: ku aiko da zanen famfon da awonsa. Muna da masu zubin tukwane, za su zuba mini shi.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya kiyaye ku daga wata karyewar. Ku dai hanzarta. An ce mini duk motar da ta wuce, Ya Hajja takan ɗaga kai.

Wassalam.

Mamman Kyari,
Zango, Zinder.