Kaza Ta Ƙyanƙyashe a Ramin Duba Mota

Malam, kai da masu karanta wannan fili, kwana nawa kaza take yi a kan ƙwai? Ashirin da ɗaya, ko ba haka ba? To ku riƙe wannan, sannan ku taimake ni, don wallahi kaina ya ɗaure.

Ni makanike ne a ofishin gwamnati da ke gwada lafiyar motocin haya. Aikina in shiga rami, a hau da mota bisa kaina, in duba birki da tayoyi, sannan a ba ta takarda. Kawuna, ƙanin Inna, shi ya samo mini aikin. Shekararsa ashirin da shida yana buga hatimi a wurin. Ban wuce firamare ba, a tsofaffin jaridu na ƙarasa karatuna, amma ba a raina mini hankali.

Kazar maigadi ta yi ƙwai a ramin nan, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe tsaki tara lafiya lau. Ko mota ɗaya ba ta hau ta dame ta ba. Amma kullum takardu fita suke kamar an kunna famfo. Direba ya aiko da lambar mota da ɗan abin da ya sawwaƙa, Oga, shugaban ofishinmu, ya sa hannu, Kawu ya danna hatimi, ni ina zaune ina kiwon tsaki.

Sai birkin wata bas ya ƙwace a gangara, matar maƙwabcinmu ta rasa ƙafa. Da idona na ga takardarmu liƙe a gilashin, kwananta huɗu da fita. Zuciya ta ɗebe ni na rubuta wa hukumar yaƙi da cin hanci. Tsoro ya hana ni sa sunana, ya hana ni ambaton Oga. Na dai ce ana buga hatimi ba a ga mota ba.

Kwamiti ya zo, ya bi hatimi, hatimi ya kai su teburin Kawu. An dakatar da shi, saura wata bakwai ya yi ritaya. Oga kuwa shi ya zagaya da su, bayan ya sa an kwashe kazar, an wanke ramin, an jera motoci biyar.

Yanzu Kawu ni ya sa in binciko masa munafukin da ya yi rubutun. Inna tana Allah ya isa, ni nake amsa mata da amin! Kuma ba zan ce Kawu wankakke ne ba, yana samun nasa, akwatin sifanata ma shi ya saya mini. Ni kaina ban taɓa mayar da ɗan na abincin rana da ake miƙo mini daga ciki ba. To wa na kai ƙara ke nan? Nan da mako biyu kwamiti zai sake zama. In na yi magana, aiki da dangi sun tafi. In na yi shiru, fanshon Kawu ya tafi, Oga yana nan daram.

Ina so shugaban kwamitin nan ya fito a wannan fili ya amsa mini: hatimi kuka gani, sa hannun da ke samansa fa?

Mai Kiwon Tsaki

AMSA

Ɗana, sassauta. Rubutun da ka yi ba laifi ba ne; laifin shi ne rabin gaskiya ka faɗa, kuma rabin gaskiya a kan mai ƙaramin ƙarfi take faɗuwa. Abin da ka fara, kai za ka ƙarasa shi.

Fara da kawunka, kafin kwamiti, kafin ma Inna. Nemi dattijon da yake jin nauyinsa ku je tare, ka gaya masa da bakinka. Zai yi fushi, yana da hakki, ka haɗiye harshen nan naka mai kaifi. Amma shi ma ya sani hannunsa ya danna hatimin, ba a riƙe masa ba. Babu wanda ya san yadda takardun ke tafiya kamarsa, kuma sau da yawa ana sassauta wa wanda ya ba da shaida. Ban yi maka alkawari ba.

Kaza ba ta shaida. Maigadi yana yi, haka littafin bakin ƙofa da yake rubuta motocin da suka shigo. A gwada shi da ranakun da ke kan takardun. Ka rubuta komai da sunanka, har da na abincin ranar, don kada a riga ka faɗa. Ka ga lauya ko ƙungiyar ma'aikata tukuna, ka kai takardar babban ofishin hukumar da ƙafarka, ka riƙe kwafi.

Aikin yana iya tafiya, ba zan ɓoye maka ba. Amma sana'arka a hannunka take, ita kuwa maƙwabciyarku ba mai mayar mata da ƙafa, kuma motocin da ba a duba ba suna kan titi ɗauke da iyayen wasu.

Allah ya huci zuciyar Kawu da Inna, ya ba ka ƙarfin hali. Shugaban kwamiti kuma, ga fili mun bar maka. Yaron nan ya yi tambaya a bainar jama'a, a nan muke jiran amsarka.