Damin da Na Ƙi

Daren Laraba, watan Rajab, 1291

Yau na ɓata wa Bulama, mai garinmu, rai. Ya ce za a ƙara dami guda a harajin kowace gonar fadama, a gina zauren makarantata da ambaliya ta rushe. Na ce ban yarda ba.

"Haba, Malam! Don kai fa ake yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ya ci zaurena shi ya ci shinkafar manoman nan. Yaya zan karantar da yaro an ƙwace tuwon gidansu saboda ni?"

Gobe karatu a gindin tsamiya, ga hadari kullum. Matata Hajara ta ji labari, ta ajiye mini tuwo ta koma ɗaki. Da ma faɗa ta yi mini.