Walimar da Baba Ya Kira

Zuwa ga Innata, Allah Ya jiƙanki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Inna, hankalina a tashe yake, kuma ban da wanda zan kai wa sai ke.

Na ƙare jami'a a Sakkwato. Kin san Baba, a wurinsa duk wanda ya ƙare karatu sauka ya yi. To ya kira walima ranar Juma'a a ƙofar gidanmu na Zurmi. Ya sayo rago a kasuwar Shinkafi, ya gayyaci liman da malaman unguwa. Wai yadda mai sauka kan ɗauki allo ya biya a gaban jama'a, haka ni ma zan miƙe in biya musu abin da na karanto.

Inna, me zan biya? Amurka fa na karanta, tarihinsu da al'adunsu da abin da sunka yi imani da shi. Babban darasinmu shi ne yadda sunka raba addini da gwamnati, har suna tinƙaho da haka. Ga shi bana anka ƙaddamar da Shari'a, ko yaro anka taɓa zancensa ke nan. Wallahi ni ma na yi murna. Amma a taron nan wa zai tsaya bambance wanda ya karanci mutane da wanda ya bi su?

Ina tuna saukata ta allo. Ina cikin biyawa, na hango ki ta kafar zana kina gyaɗa mini kai har na kai ƙarshe. Kin sha ce mini, “Abin da ka sani faɗe shi, ba a dukanka.”

Jiya na shiga in yi wa Baba bayani. Na iske shi yana gwada sabuwar riga, yana tambayata ko ta zauna. Na ce ta zauna, na fito. Da kina nan, ke za ki lallaɓa ki faɗa mishi bayan ya ci tuwo.

In na faɗi gaskiya, shi za a riƙa nunawa da baki a masallaci. Ƙarya kuwa a gaban liman, ba ki koya mini ba. Tsoro nake ji, Inna.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Ya Allah, kada Ka kunyata tsohon nan da bakina, ranar da ya tara mutane don ni.

Ɗanki,
Garba