Ƙwayar da ke dawo mini da Rabi

Zuwa ga Shugaban Hukumar Lafiya ta Jiharmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a wani ƙauye na karkarar Urafane. Ƙarfina ya ƙare, ƴaƴa sun watse, daga ni sai matata Rabi. Ga kukana daki-daki.

Na farko. An yi wa Rabi aikin maƙoƙo a wata babbar likita, wato asibiti, aka sallame mu da kwalin ƙananan ƙwayoyi. Babu wanda ya ce mana za ta sha su har ƙarshen ranta. Mu a nan, in kwali ya ƙare an warke, kamar maganin masassara. Da ya ƙare muka yi sadakar fura.

Na biyu. Sannu a hankali ta fara jin sanyi cikin bazara, magana ta yi mata nauyi, tana ɗora tukunya ta manta. Aka ce gigin tsufa ne. Ƴan uwanta suka ɗauke ta zuwa Kona don rubutu da turare, suka bar ni ina hira da akuya.

Na uku. Sai da wata lokotoro ta zo rangadin duba marasa lafiya ta fayyace mini. Maƙoƙon da aka cire shi ke aika wani sinadari cikin jini. A can tsakiyar ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa akwai masu karɓar saƙonsa, da su ne hankali ke tashi aiki. In saƙo bai zo ba, sai su zauna shiru. Ƙwayar nan ita ce madadinsa. Bayanin da bai kai tsawon shan shayi ba, me ya hana a yi mana shi tun ranar sallama?

Da aka samo sabon kwali Rabi ta koma shan magani, aka maido ta. Wata safiya ta dube ni ta ce na rame kamar kara, wa ke ba ni abinci? Na yi kuka.

Yanzu kwalin ya kusa ƙarewa, ba a samun sa sai Maradi, ni kuwa ko bayan babur ɗin kabu-kabu ba na iya zama. Ƴan uwanta sun ce in ta sake rikicewa, tafiyar ke nan.

Roƙona biyu: a kawo ƙwayar a ƙananan likitocin karkara, kuma duk wanda aka yi wa wannan aiki a gaya masa da Hausa cewa ba a daina ta.

Allah ya ja zamaninka, ya sa kada mai ɗakinka ta taɓa duban ka ta tambaye ka ko wane ne kai.

Wassalam.
Mushe Ila, mai ritaya