Wa Zai Riƙe Mana Fili?

Daren Juma'a, Nuwamba 2022, Madinat Khalifa

Yau ma 'yan Filifin sun lallasa mu a ƙwallon kwando, kowa kuma ya ɗora wa Bitrus laifi. Ba ƙarya suka yi masa ba. Shi ne ɗan tsakiyarmu, ya fi kowa tsawo, amma tun da korona ta kama shi a asibitin da yake aikin jinya numfashinsa bai dawo daidai ba. Da ya ɗan yi gudu sai ya dafa gwiwa yana haki.

A mota Auwalu ya ce, "Kyaftin, khalas, ya isa haka! Ga Sani da ya zo aikin gadi saboda gasar kofin duniya, dogo ne, ƙirjinsa lafiya lau. A sa shi a gurbin Bitrus kawai." Raina ya ɓaci, don ni ma na gaji da shan kashi.

Sai da na kwanta wani abu ya faɗo min. Ƙa'idar filin nan, ƙungiyar da ta fita gaba ɗaya ba ta bar kowa ba ta rasa layinta na wasa. Duk Juma'a in an kira magariba muka tafi masallaci, Bitrus ne ke tsayawa shi kaɗai ƙarƙashin kwando yana ɗan buga ƙwallo har mu idar. Bai taɓa cewa mu yi sauri ba. Ni kuwa ko sannu ban taɓa ce masa ba.

Sani tare da mu zai shiga sahu. Gobe zan tambayi Auwalu: in mun cire Bitrus, wa zai riƙe mana fili?